Hurricane: Jirgin yaƙin da ya riƙa yada zango a Kano ya dawo a wasan kwamfuta

Duk wanda ya buɗe wasan kwamfuta na War Thunder ya zaɓi ɓangaren Birtaniya, ba zai daɗe ba zai ci karo da wani jirgin yaƙi mai farfela guda da ake kira Hurricane Mk IIB/Trop. Jirgin ba shi da wani fasali na a-zo-a-gani. Yana da ɗan doro, fukafukansa masu kauri ne, sannan a ƙarƙashin hancinsa akwai wani kumburi kamar maƙoƙo. Yawancin 'yan wasa kwanaki kaɗan suke yi da shi, da zarar sun tara makin da zai ba su Spitfire sai su yi gaba.

Wannan maƙoƙo matatar iska ce da kamfanin Vokes ya ƙera don hana ƙura da rairayi shiga inji. Jiragen da aka ware wa ƙasashe masu zafi aka sanya wa ita, kuma ɗaruruwa daga cikinsu sai da suka sauka suka sha mai a Kano da Maiduguri kafin su isa bakin daga a Masar da Libiya, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu ƙirƙirar waɗannan wasanni sun kwaikwayi jirgin ƙwarai da gaske, har da irin shaƙewar da injinsa ke yi idan an dulmiya hancinsa ƙasa da gaggawa. Abin da babu a cikinsu shi ne doguwar hanyar da ta kai jirgin fagen fama, wadda wani babban yanki nata ya ratsa samaniyar Najeriya.

Wasannin da matakansu

War Thunder mallakar kamfanin Gaijin Entertainment ne, wanda aka kafa a Rasha, yanzu kuma hedikwatarsa na birnin Budapest na ƙasar Hungari. A ƙarshen 2012 aka buɗe wa jama'a shi, kuma kyauta ake sauke shi a kwamfuta da PlayStation da Xbox.

Matakai uku gare shi. A na farko, ɗan wasa na kallon jirginsa ta baya, ya nuna inda yake son zuwa da linzamin kwamfuta, wata manhaja a ɓoye ta riƙa daidaita masa tuƙin. In an harbo shi, ya ɗauki wani jirgin ya koma. A na biyu, jirgin na bin ƙa'idojin iska da nauyi sosai, harsashi in ya ƙare sai an koma sansani, kuma rai ɗaya mutum ke da shi a kowace karawa. A na uku, ana zaunar da shi a kujerar matuƙi, babu alamar da za ta nuna masa abokin gaba, babu kuma mai gyara masa kuskure.

Akwai waɗanda suka fi wannan tsauri. Jerin wasannin IL-2 Sturmovik sun faro ne a 2001 a hannun Oleg Maddox ɗan Rasha, kuma a 2020 aka fitar da wani ƙari mai suna Desert Wings – Tobruk, a kan yaƙin hamadar Arewacin Afirka. A DCS World kuwa, sai mutum ya bi matakan tayar da injin Spitfire ko Mustang maɓalli bayan maɓalli, kamar yadda littafin matuƙa ya tsara. Wanda ya tsallake mataki ɗaya zai zauna a ƙasa har ya gaji. Masu wannan mataki kan sayi sandar tuƙi da totur na hannu da feda na ƙafa, wasu har da tabarau mai sa mutum ya ji kamar a cikin jirgin yake.

Ƙarfe, katako da ƙyalle

Injiniya Sydney Camm na kamfanin Hawker ne ya zana Hurricane. Ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamban 1935, ya shiga aikin rundunar sojin saman Birtaniya a ƙarshen 1937, kuma kafin a daina ƙera shi an yi sama da 14,000.

Ƙirarsa ta tsaya ne tsakanin zamani biyu. Ƙashin bayansa bututun ƙarfe ne, aka ɗora masa siraran katakai, aka lulluɓe rabin jikinsa na baya da ƙyalle mai ƙarfi da aka shafe da sinadari. Wannan ya zame masa alheri: harsashin igwa kan huda ƙyallen ya fice ba tare da ya fashe ba, kuma makanikai kan yi masa faci a sansani cikin 'yan sa'o'i. A fafatawar da aka yi a samaniyar Ingila daga Yuli zuwa Oktoban 1940, Spitfire ne ya yi suna, amma Hurricane ne ya kakkaɓo fiye da rabin jiragen Jamus da aka harbo.

Darasi na farko a ƙasa yake

Injin jirgin Rolls-Royce Merlin ne mai silinda 12, ƙarfinsa ya haura na doki 1,000. Sabon ɗan wasa da ya zauna a mataki na ƙwararru yakan tura totur har ƙarshe a lokaci guda, kamar mai son wuce tirela a hanyar Kaduna. Farfela na juyawa dama, jirgin kuma ya fizge hagu, kafin ya ankara ya bar titi ya faɗa ciyawa, wani lokaci har ya tuntsura. Dole ne a ƙara wuta sannu a hankali, ƙafar dama na danne da feda, har wutsiya ta ɗaga, jirgin ya miƙe.

Ko tafiya a ƙasa ma aiki ce. Ƙaramar tayar jirgin a wutsiya take, saboda haka hancinsa na kallon sama yana tare wa matuƙi gaba. Sai dai ya riƙa karkata dama da hagu yana leƙawa ta gefe. Abin da ya taimaki Hurricane shi ne tazarar da ke tsakanin tayoyinsa na gaba, wadda ta fi ta Spitfire da ta Messerschmitt Bf 109 na Jamus faɗi. Wannan ya sa ya fi su jure filin da ba a shimfiɗa masa kwalta ba.

Da an tashi kuma sai kula da zafi. Lagireton jirgin a ƙarƙashin cikinsa yake, yana da marfi da matuƙi ke buɗewa da rufewa. In an buɗe, inji ya huce amma gudu ya ragu. In an rufe, gudu ya ƙaru, allurar zafi ta fara hawa. Akwai ƙarin ƙarfi na gaggawa da littafin matuƙa ya yarda a yi amfani da shi na minti biyar kacal. Ɗan wasan da ya manta da shi a kunne zai ga baƙin mai ya fara wanke masa gilashi.

Wanda ke sama shi ke da ta cewa

A nan ne ake gane sabon shiga da tsohon hannu. Sabon shiga yana tashi zai miƙe inda ya hango wuta, a ƙasa-ƙasa, yana ɗokin ya fara harbi. Tsohon hannu kan kauce gefe ya shafe mintoci yana hawa, bai harba ko harsashi ɗaya ba.

Dalili shi ne, a jirgi mai farfela, nisan da aka hau sama tamkar jari ne da aka ajiye. Wanda ke sama zai iya gangarowa ya mayar da jarin nan gudu a duk lokacin da ya ga dama, sannan ya ɗaga hanci ya mayar da gudun sama. Kowace lanƙwasa mai tsanani kuwa cin jari ce, domin tana rage gudu, kuma injin wancan zamani ba ya mayar da abin da aka ɓatar da wuri. Wanda ya wayi gari a ƙasa ba gudu, sai yadda aka yi da shi.

Bf 109 ya fi Hurricane gudu da saurin hawa, saboda haka matuƙinsa kan yi masa irin ta shirwa da 'yan tsaki: ya yi shawagi can sama, ya zaɓi wanda ya ware, ya kawo sura, ya harba, ya koma sama ko ya samu ko bai samu ba. Abin da Hurricane ke da shi shi ne iya lanƙwasa a ƙuntataccen wuri. Aikin matuƙinsa shi ne ya hango mai surar da wuri, ya karya kwana a daidai lokacin da ya dace, ya kuma yi fatan abokin gaban zai yi zuciya ya biyo shi zagaye. In ya biyo, to ya shigo gidan Hurricane.

Ita ma kwanar tana da iyaka. Idan aka ja sanda fiye da kima alhali gudu ya ragu, iska kan daina riƙe fiffike, jirgin ya fara rawa, sannan ya kife ya riƙa wulwulawa zuwa ƙasa. Idan kuma aka ja ta da ƙarfi ana cikin tsananin gudu, nauyin jikin matuƙi kan ninka sau biyar ko shida, jini ya bar kansa ya gangara ƙafa. Wasannin na nuna wannan ta hanyar duhunta allo daga gefe har ya rufe baki ɗaya.

Babu sabo a cikin waɗannan ƙa'idoji. Tun 1916 matuƙin Jamus Oswald Boelcke ya tsara wa yaransa su nemi sama, su sa rana a bayansu, kada su harba sai sun matso. A Yaƙi na Biyu, Adolph Malan ɗan Afirka ta Kudu ya maimaita wa matuƙan Birtaniya kusan abu ɗaya. Ɗan wasan da bai taɓa jin sunayensu ba, yau da gobe sai ya gano ƙa'idojin da kansa, bayan an harbo shi sau da dama.

Shaƙewar inji da maganin da wata injiniya ta samo

Duk bakanikin Apo da ya taɓa kwance kafireton tsohuwar Fijo ya san ɗan kwanon nan da mai ke taruwa a ciki, da abin da ke yawo a kansa yana buɗe hanyar mai yana rufewa. Irinsa ne a injin Merlin na farko-farko. Muddin jirgi na tafiya daidai, babu matsala. Amma da matuƙi ya tura sanda gaba da ƙarfi, sai mai ya tashi sama a cikin kwanon, inji ya rasa abin sha, sannan mai ya yi masa yawa ya shaƙe. Injin Bf 109 kuwa famfo ne ke fesa masa mai kai-tsaye, ba ruwansa da yadda jirgin ya juya. Matuƙan Jamus sun gane haka, da sun ga an biyo su sai su dulmiya ƙasa su bar na bayansu yana tari.

Matuƙan Birtaniya sun samo dabarar kifar da jirgi ya koma rigingine kafin su gangara, domin mai ya zauna inda ya kamata, sai dai hakan na cin lokaci. A farkon 1941 injiniya Beatrice Shilling ta cibiyar binciken jiragen sama da ke Farnborough ta fito da wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya, wanda ke taƙaita yawan man da ke shiga kafireto. Bai kawar da matsalar baki ɗaya ba, amma ya hana inji mutuwa, kuma ita da 'yan tawagarta suka riƙa bin sansanoni suna sanya shi. A wasannin da suka kwaikwayi wannan lahani, ɗan wasa kan ɗauka kwamfutarsa ce ta sami matsala ranar da abin ya fara faruwa da shi.

Harsashin da bai kai na sakan 20 ba

Hurricane na farko bindigogi takwas gare shi a fukafukai, samfurin IIB kuma 12. Harsashinsu irin na bindigar Lee-Enfield ne da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama. Idan matuƙi ya danne maɓallin harbi bai saki ba, bai kai sakan 20 zai ƙarar da duk abin da ya ɗauko.

Da yake bindigogin a fukafukai suke, ana karkatar da bakinsu ne domin harsasan su haɗu a wuri ɗaya can gaba. A farkon yaƙi yadi 400 aka tsara, daga baya gogewa ta sa aka dawo da shi yadi 250, wato kimanin mita 230. Wanda ya harba daga nesa zai watsa harsashinsa a iska. Sannan jirgin da ke gilmawa ba a saita shi inda yake, sai inda zai kai, kamar yadda maharbi ke yi wa tsuntsun da ke tashi.

Ga mai wasa daga Abuja akwai ƙarin cikas. Saƙo tsakanin kwamfutarsa da manyan na'urorin wasan a Turai kan ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa yana cin kusan mita 14 a wannan ɗan lokaci, alhali tsawon Hurricane bai cika mita 10 ba. Manhajar na ƙoƙarin cike giɓin, amma ranar da intanet ke tangal-tangal, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar karawa, babu ƙwarewar da za ta yi amfani.

Daga Takoradi zuwa Alƙahira

A wasa, danna maɓalli ɗaya ke ajiye jirgi a kan titi, cike da mai da harsashi. A 1940 ba haka abin yake ba. A watan Yuni na shekarar Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya. Zagayawa ta Afirka ta Kudu zuwa Masar kuwa tafiyar makonni masu yawa ce, ga shi dakarun da ke tsaron mashigin Suwez na matuƙar buƙatar jiragen sama.

Mafitar da aka samu ita ce a zuba jiragen a manyan akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su a ratsa nahiyar. A watan Satumban 1940 ayari na farko ya tashi: Hurricane shida, da wani jirgi mai inji biyu ƙirar Blenheim a gaba ɗauke da mai duba taswira. Zangonsu su ne Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena a yau, sai Janaina da Fashir da Ubayyid da Khartum a Sudan, sannan a bi kogin Nil zuwa Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, tana cin kusan mako guda. Daga Kano zuwa Khartum, kusan hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi da ƙafa da jakuna ce aka bi ta sama.

Hanyar ba ta yiwu ba sai da siyasa ta ba da dama. A watan Agustan 1940 gwamnan Chadi Félix Éboué ya bijire wa gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, ya bi Janar de Gaulle. Da bai yi haka ba, da samaniyar da ke tsakanin Borno da Darfur ta kasance a rufe. Jamusawa ma sun san darajar hanyar: a Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙona man da aka tara.

Kano kuwa ba baƙuwa ba ce a harkar. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sojin Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a birnin, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Shi wannan Coningham ɗin ne daga 1941 ya jagoranci rundunar saman Birtaniya a hamadar Masar da Libiya, inda jiragen da ke biyowa ta Kano suke ƙarewa. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Mai, ƙura da hannayen da ba a gani

Jirgin da aka ƙera don gajeriyar fafatawa a samaniyar Ingila, shi aka ɗaura wa ƙarin tankuna a ƙarƙashin fukafukai aka ce ya yi sa'o'i yana tafiya a kan daji da sahel. Da damina akwai hadari mai tsawa a kudu, da hunturu kuma ƙurar da ke rufe ƙasa ruf. Matuƙin da ya ɓace wa jagoran ayari ba shi da wata na'urar da za ta nuna masa hanya. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti domin a hango wanda ya faɗi daga sama. Matuƙan sun haɗa da 'yan Birtaniya da 'yan Polan, daga 1941 kuma kamfanin Pan American na Amurka ya shigo aikin. Wasu daga cikinsu a maƙabartar Takoradi suke kwance har yau. Jiragen da suka isa lafiya ma sai an sake duba injinsu kafin su shiga yaƙi, saboda wahalar da suka sha a hanya.

Kowane zango kuma sai da mai. Layin dogo ya isa Kano tun 1911, amma bai kai Maiduguri ba sai 1964, saboda haka duk man da jirage suka sha a Borno ta mota aka kai shi, a kan hanyoyin da damina ke lalatawa. A Sudan dogo a Ubayyid ya tsaya, daga nan sai manyan motoci da raƙuma. Share filaye, tsawaita titin jirgi, gungura gangunan mai, gadi da dafa abinci, duk 'yan ƙasa ne suka yi su.

Ba ƙarfi kaɗai Najeriya ta bayar ba, har da kuɗi. Runduna ta 91 ta sojin saman Birtaniya, wadda aka kafa a farkon 1941, sunan Najeriya aka raɗa mata saboda gudunmawar da aka tara a ƙasar don sayen jiragenta. Spitfire ta riƙa tuƙawa, kuma a 1944 tana cikin waɗanda suka yi fice wajen kakkaɓo bama-baman V-1 masu tashi da kansu da Jamus ke harbawa Landan.

Akwai kuma abin da babu allon da zai iya isarwa. Ɗaya daga cikin tankunan man Hurricane a gaban matuƙi yake, bayan allon agogunan jirgi. In ya kama wuta, matuƙi na buɗe murfi don ya yi tsalle da lema, iska za ta zuƙo harshen wutar zuwa fuskarsa da hannayensa. Likita Archibald McIndoe ya shafe shekarun yaƙin yana gyara fuskokin irin waɗannan samari a asibitin East Grinstead. A hamada ma, da samfurin Bf 109F ya iso a ƙarshen 1941, Hurricane ya zama tsohon yayi, an kuma yi asarar matuƙa da dama kafin a mayar da shi mai kai hari kan motoci da tankokin yaƙi a ƙasa.

Kuɗi, lokaci da sirrin ofis

Kyautar War Thunder tana da sharaɗi. Sauke shi na cin gigabait masu yawa, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Hawa daga jirgi zuwa na gaba na buƙatar sa'o'i masu yawa, sai dai in mutum zai biya don ya gajarta hanya, kuma wasu jiragen na musamman na da tsada sosai. A watan Mayun 2023 'yan wasa suka yi wa kamfanin bore saboda matse ladan da ake samu, har ya ba da haƙuri ya sassauta. Uban da katin bankinsa ke maƙale a kwamfutar gida ya kamata ya san da wannan.

Akwai wani darasi da ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. Tsananin son a ce wasa ya yi daidai da gaskiya ya sa wasu sun wuce gona da iri. A Yulin 2021 wani ɗan wasa da ya ce shi sojan Birtaniya ne ya wallafa shafukan wani littafin tankar Challenger 2 da ba a yarda a fitar ba, don kawai ya nuna cewa kamfanin ya yi kuskure a zanenta. Irin haka ta sake faruwa da takardun kayan yaƙin Faransa da Chaina da Amurka, duk da kamfanin na gogewa yana cewa ba zai yi amfani da su ba. A Najeriya Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 na nan daram, kuma ba ta ware musun wasa daga cikin laifi ba.

Haka nan, ƙwarewa a allo ba lasisin tuƙi ba ce. Wasan na koyar da haƙuri, lura da aguna da fahimtar yadda iska ke riƙe jirgi, amma hanyar zama matuƙi na nan inda take: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, ko makarantun rundunar sojin sama. Ita farfela kuwa ba ta yi ritaya ba. Jiragen A-29 Super Tucano da rundunar ke amfani da su a yau masu farfela ne, kuma rukunin farko na guda shida da suka taso daga Amurka zango-zango, a Kano suka sauka a Yulin 2021.

Abin da ke cikin takarda

Masu ƙirƙirar wasanni da takarda suke aiki. Sun san zafin da lagireton Hurricane ke iya jurewa da gudun da ya kamata a sauka da shi, domin littattafan matuƙa da rahotannin gwaji na wancan zamani an adana su, an ɗauki hotonsu, an zuba a intanet inda kowa zai samu. Abin da aka buɗe shi ke shiga wasa, da fim, da littafin makaranta.

Ɓangaren Najeriya na labarin ba a Landan kaɗai za a neme shi ba. Fayil-fayil na lardunan Kano da Borno na zamanin mulkin mallaka suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda hukuma ce ta Gwamnatin Tarayya, kuma can ne mai bincike zai fara neman yadda aka karɓi filaye, aka ɗebi leburori, aka tara gudunmawar yaƙi. Waɗanda suka ga ayarin jiragen da idanunsu suna yara, yau sun haura shekara 85. Yawan abin da za a ceto daga takardun da kuma bakin waɗannan dattawa ya dogara ne da kasafin kuɗi da sa hannun da ake yi a ofisoshin Abuja.